Yadda Ƙafar Motar Tsere Ta Shigo Titin Gari

A baje kolin motoci na birnin Essen da ke Jamus, a ƙarshen shekarar 1995, Klaus Wohlfarth, mai wani ƙaramin shagon kayan mota a garin Murrhardt, ya baje wani kayan ƙafa da 'yan tsere suka daɗe da saninsa. Shakazoba ce aka zura a cikin murɗaɗɗen sifirin, an yanka wa jikinta haƙora irin na noti, ga zobe biyu na ƙarfe da sifirin ɗin yake zaune a kansu. In ka murɗa zoben ya yi ƙasa, mota ta sauka. In ka mayar da shi sama, ta tashi. Wannan haɗin shi ake kira koyiloba. Sabon abu a wajen Wohlfarth takarda ce: masu binciken lafiyar mota na TÜV sun amince a hau titin gwamnati da kayansa. A Jamus kuwa, motar da aka taɓa wa ƙafa ba tare da irin wannan takarda ba tana iya rasa izinin hawa titi. Daga wannan shago kamfanin KW ya taso.

Izini ya samu a 1995, amma taushi sai da ya ƙara shekaru kafin ya biyo baya, kuma dalilin jinkirin yana cikin asalin kayan.

Aiki biyu ake yi a ƙafar kowace mota. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, ya lotsa in taya ta hau tudu, ya miƙe in ta faɗa rami. Sai dai shi ba ya sanin lokacin tsayawa: ka danna shi ka saki, zai yi ta rawa. Shakazoba ita ce linzaminsa. Sifirin ya riga mota zuwa duniya, domin tun 1804 Obadiah Elliott ya yi rajistar sifirin mai falle-falle a Landan saboda keken doki, irin wanda har yau ake gani a ƙarƙashin manyan motoci. Shakazobar farko kuwa faya-faye ne da ake matsewa da noti suna gogar juna. Bafaranshe Maurice Houdaille ya zo da mai aiki da mai, kuma da Ford ya sa ta a Model A a 1927 sai ta zama kayan kowa. Kafin nan, a 1922, motar Lancia Lambda ta Italiya ta riga ta haɗa murɗaɗɗen sifirin da shakazobar mai a wuri ɗaya a ƙafar gaba, kowace taya tana motsinta ita kaɗai.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara auna taushi da lissafi shi ne Maurice Olley, injiniyan da ya bar Rolls-Royce ya koma Cadillac a 1930. Olley ya ɗauki babbar mota ya ɗora mata nauye-nauyen ƙarfe da ake iya matsarwa gaba ko baya, yana sauya sifirin, ana yawo da ita ana jin yadda jiki ke karɓa. Abin da ya gano ya saɓa wa al'adar zamaninsa: ya kamata gaban mota ya fi bayanta laushi. Tayar gaba ce ke fara taka tudu, ta baya ta biyo bayan ɗan lokaci. Idan bayan ya fi saurin lilo, sai ya cim ma gaban, motar ta tashi ta sauka a miƙe maimakon ta riƙa sunkuyo tana ɗagowa. A kan wannan bincike General Motors ya fitar da ƙafar gaba mai cin gashin kanta a 1934. Har gobe salun ta iyali ana saita ta ne ta yi lilo sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a daƙiƙa, kusa da saurin takun mutum, abin da jiki ya saba da shi. Sharaɗin dai ɗaya ne, sifirin mai laushi yana bukatar fili mai yawa da zai lotsa a ciki.

Earle MacPherson, wanda shi ma ya yi aiki a General Motors kafin ya koma Ford, ya mayar da shakazoba da sifirin ginshiƙi ɗaya da ke riƙe da taya, aka fito da shi a motocin Consul da Zephyr na Ingila a 1950. Yawancin ƙananan motocin da ke titunanmu wannan ƙafar ce a gabansu. Ita ce ma a gaban Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, shekarar da ta lashe gasar Safari a Kenya. Duk wanda ya taɓa shiga 504 a hanyar burji ya san taushin da ake nufi, kuma sirrinta doguwar tazarar motsin taya ce.

Ita ma shakazoba ta yi nata ci gaban. In aka daɗe ana dukanta a hanya mai gargada, man cikinta yakan yi kumfa, ta saki. Christian Bourcier de Carbon ya magance wannan a farkon shekarun 1950 da shakazoba mai bututu ɗaya, inda iskar gas mai matsi take danne man ta bayan wani fistin da ke raba su. Kamfanin Bilstein na Ennepetal ya ɗauki dabarar, Mercedes-Benz ta fara sa ta a motocinta a 1957. A Holan kuma, Koni, wanda ya faro da ɗinkin kayan doki a 1857, ya fito da shakazobar da ake iya ƙara wa ƙarfi ko rage mata a 1945. Ke nan kafin 1960 duk kayan haɗin suna ƙasa.

Filin tsere ne ya haɗa su. Masu ƙera motocin tsere irin su Colin Chapman na Lotus suna neman abu mara nauyi, mara cin wuri, wanda makanike zai sauya wa sifirin cikin mintuna. Haƙoran jikin shakazoba da zoben murɗawa ba don ado aka yi su ba. Ana ɗora motar a kan sikeli huɗu, taya ɗaya sikeli ɗaya, a yi ta murɗa zobba har nauyi ya rabu yadda ake so, don motar ta sha kwanar dama kamar yadda take shan ta hagu. Titin tsere sumul yake, direba na ɗaure da bel yana sanye da hular kwano, tafiyar kuma ta awa ɗaya ko biyu ce. Ciwon bayansa bai shiga lissafin kowa ba.

A can titin gari kuwa, sha'awar saukar da mota ta taso ne ta wata hanya dabam. Matasa 'yan asalin Meziko a Los Angeles, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna loda buhunan yashi a but, ko su yanke zagaye ɗaya ko biyu na sifirin, ko su gasa shi da wutar walda har ya zauna. A ƙarshen shekarun 1950 jihar Kalifoniya ta haramta motar da wani sashen jikinta ya sauka ƙasa da bakin wili. Martanin da wani mai suna Ron Aguirre ya bayar a 1959 shi ne famfon mai na jirgin sama da ya dasa a motarsa Corvette, yana ɗaga ta yana sauke ta da maɓalli. Sai a farkon 2024 aka janye wannan haramci.

Jamusawa sun bi hanya mai tsafta: kamfanoni irin su Eibach da H&R suka riƙa sayar da gajerun sifirin da aka ƙera don kowace mota, musamman bayan fitowar Golf GTI a 1976. Amma gajeren sifirin a kan shakazobar kamfani yana da lahani ɗaya da ba ya ɓoyuwa. A ce tayar motarka tana da filin santimita 8 da za ta lotsa kafin ta kai ƙarshe, ka sauke motar da santimita 4; rabin filin ya tafi. Can a saman sandar shakazoba akwai wata roba mai kama da soso, yawanci ruwan ɗorawa, wadda aka sa don ranar babban rami kawai. A motar da aka sauke ba bisa lissafi ba, in ka zame rigar ƙurar ka duba, za ka same ta a tsattsage tana marmashewa, domin kullum a kanta ake tafiya. Wannan dukan da mai mota ke ji a kujera yana cewa sifirin ya yi tauri, sau da yawa ba sifirin ba ne, fili ne ya ƙare.

Koyiloban farko da suka shigo kasuwa sun magance wannan da ƙarfi: tunda fili kaɗan ne, a sa sifirin da ba zai bari a kai ƙarshe ba. Ba abin mamaki ba ne a ga sifirin da sai an ɗora masa kilo 8 ko 10 kafin ya lotsa milimita ɗaya, a motar da na kamfaninta bai fi kusan kilo 3 ba. Suka kuma cire robar da ke tsakanin kan shakazoba da jikin mota, suka sa ƙwallon ƙarfe irin na tsere, wanda ke kai kowane tsakuwa har cikin sitiyari.

Japan ta taka rawa babba wajen sauya wannan. A 1995, shekarar baje kolin Essen, gwamnatin ƙasar ta sassauta dokar sauya kayan mota bayan matsin lambar ciniki daga Amurka, aka daina neman sabon bincike na musamman don an sauya sifirin ko shakazoba, muddin ƙasan motar bai gaza santimita 9 daga titi ba. Kasuwa ta buɗe. Kamfanin TEIN na Yokohama, wanda 'yan gasar daji suka kafa a 1985 (ɗaya daga cikinsu, Yoshio Fujimoto, shi ya ci Safari a 1995), yana cikin waɗanda suka amfana. A lokacin ne kuma yayin manyan salun na alfarma da ake saukewa har ƙasa ya bunƙasa: Toyota Crown da Celsior, Nissan Cedric da Cima. Mai Celsior ya sayi motarsa ne don shiru da laushi. Yana son ta kwanta, amma ba zai yarda ta koma akori-kura ba.

Gyara na farko na ƙira ne. Maimakon a sauke mota ta hanyar sauke zoben sifirin, wanda ke cinye fili, sai aka yi wa gindin shakazobar kansa haƙora, ta riƙa nutsewa cikin kofin da ke ɗaure ta da ƙafa. Tsawon kayan gaba ɗaya ya ragu, tazarar motsin sandar tana nan yadda take. Ba sihiri ba ne, domin taya na iya kaiwa ga madigadi kafin sandar ta ƙare, amma ya ba da damar komawa ga sifirin mai sauƙi.

Na biyu yana cikin bawul, kuma a ganina shi ne ainihin inda kuɗin mai saye yake tafiya. Jikin mota in yana karkata a kwana ko yana sunkuyawa a birki, sandar shakazoba a hankali take motsi. In taya ta daki bakin rami, motsin na farat ɗaya ne. Tsohuwar shakazoba tana ƙara turjiya ne gwargwadon saurin bugu, wato ta fi tauri daidai lokacin da ake son ta saki. Sababbin bawul suna riƙe motsin hankali da ƙarfi, amma in bugu ya zo da sauri sai wata ƙofa ta buɗe mai ya wuce. Öhlins na Suwidin, wanda Kenth Öhlin ya kafa a 1976 don baburan tsere, yana da nasa mai suna DFV. Koni yana da FSD. KW ya ware jeri guda, Street Comfort, don salun da ba a son saukewa sosai. TEIN ya ƙara da birkin mai a ƙarshen tazara a madadin dogaro da robar nan mai kama da soso, dabarar da Citroën ma ta sa a motocinta tun daga masana'anta a 2017. Robar kan shakazoba ma ta dawo a kayan da aka yi don titi.

Sai kuma masana'antun Taiwan da Sin suka karya farashi, koyiloba ya isa hannun ɗalibi. A nan ne gasar ƙidaya ta kunno kai: wannan yana da maki 16 na saiti, wancan 30, wani 32. Yawan makin bai ce komai ba game da kyan bawul. Ɗan makunnin da ke saman shakazoba, a mafi yawansu, allura ce da ke buɗe ko toshe wata ƙaramar hanyar mai, kuma tasirinta ya fi yawa a motsin hankali. Ba ya sauya sifirin ko kaɗan. Wanda ya sayi sifirin mai kilo 12 ya murɗa makunnin zuwa mafi laushi bai sami taushi ba, ya dai kwance wa sifirin linzami, motar ta koma tsalle. Shi ya sa mai neman jin daɗi yake fara tambayar ƙarfin sifirin, da tazarar da za ta rage a tsayin da yake so, da ko kan na roba ne, da ko akwai inda za a buɗe shakazobar a sake mata mai da sil in ta gaji. Wanda motarsa ta zo da shakazoba mai lantarki yana da ƙarin tambaya, don in aka cire ta ba a sa mai magana da kwamfutar motar ba, fitilar gargaɗi za ta kama.

Duk waɗannan kayan a ƙasashen waje aka ƙera su. A Kano ko Zariya, inda makanikai suka fi sabawa da ɗaga tokumbo da roba ko ƙarfe don kada tukunyar baƙin mai da salansa su daki tudun rage gudu, saukewar santimita 2 ko 3 ma abu ce da za a auna da tudun unguwar mutum kafin a taɓa zobe. Haƙoran jikin shakazoba kuma ba sa shiri da ƙurar hunturu da taɓon damina. In ba a wanke su ana shafa musu mai ba, zoben yakan kafe a inda aka bar shi. Bayan ɗaura koyiloba, notocin bushin ana ƙarasa matse su ne mota na tsaye a kan tayoyinta, ba tana rataye a jak ba, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Daga nan sai a ba sifirin 'yan kwanaki ya zauna, a sake auna tsayin kusurwa huɗun, sannan a kai ta saitin ƙafa, domin saukewa na karkatar da taya ta riƙa cin gefenta na ciki.