Daga Murfin Gwangwani Zuwa Kwandon Sarƙa: Tarihin Golf Na Faifai

Gabatarwa

Golf, kamar yadda aka san shi, wasa ne na masu hannu da shuni. Yana buƙatar makeken fili mai ciyawar da ake yi wa ban ruwa, da sanduna masu tsada, da kuɗin shiga ƙungiya. A cikin ƙarni na 20 wani reshe ya tsiro daga jikinsa a Arewacin Amurka, ya ɗauki dokokinsa ya bar masa tsadarsa. Wannan reshe shi ne golf na faifai, inda ake wurga faifan roba zuwa ga kwandon ƙarfe a maimakon buga ƙwallo zuwa rami. Ɗan wasa yakan yi jifan farko daga wurin da aka shata, ya sake jifa daga inda faifan ya faɗi, har ya shigar da shi kwando. Wanda ya kammala zagaye da jifa mafi ƙaranci shi ne gwani. Tarihi ya nuna cewa gajeren fili a lambun shaƙatawa na jama'a, wanda a yau ake yi wa kallon na 'yan koyo, shi ne mahaifar wasan.

Kafin Kwando

Labari mafi daɗewa da masu wasan suka adana ya fito ne daga ƙauyen Bladworth na lardin Saskatchewan a Kanada, inda a 1926 wasu 'yan makaranta suke wurga murafan gwangwani zuwa ga da'irar da suka zana a ƙasa. Wasan nasu bai bazu ba, domin babu kayan jifa na musamman da kowa zai samu a kasuwa.

Kayan ya samu ne ta hannun Walter Frederick Morrison, wanda ya fito da faifan roba a 1948, ya kyautata shi, sannan ya sayar wa kamfanin Wham-O na Kalifoniya haƙƙinsa a 1957. Kamfanin ya raɗa masa suna Frisbee. A shekarun 1960 ma'aikatan wuraren shaƙatawa, irin su George Sappenfield, suka riƙa shirya wa yara golf da wannan faifai, suna auna itatuwa da turakun fitila da kwandunan shara. A birnin Rochester na jihar New York kuwa wasan ya kai ga babbar gasa a 1974, wadda Dan Roddick ya lashe aka ba shi sabuwar mota.

Lambun Oak Grove

Wanda ya kafa wa wasan gindi shi ne Ed Headrick, ma'aikacin Wham-O da ya sake fasalin Frisbee ta hanyar sanya masa layuka a baya don ya daidaita a iska. A 1975 ya shimfiɗa filin dindindin na farko a lambun Oak Grove da ke Pasadena. Turaku ne kawai aka kakkafa a tsakanin itatuwa, kuma kowa na iya zuwa da faifansa ya yi wasa ba tare da biyan ko sisi ba.

Sai dai turke ya zo da matsala. Faifai kan gifta kusa da shi, mai jifa ya ce ya taɓa, abokin hamayya ya ce bai taɓa ba. Headrick ya warware wannan gardama da dabarar rataya sarƙoƙi a jikin turken, da kwando a ƙarƙashinsu. Sarƙa takan karya ƙarfin faifan, sai ya zube cikin kwando, kowa ya ji ƙararta ya kuma gani da idonsa. Ya kafa kamfanin ƙera kwandunan da ƙungiyar ƙwararru ta PDGA a 1976, ya kuma samu takardar mallakar ƙirƙirar a 1977. Hukumomin birane sun karɓi wasan saboda sauƙinsa: ba a sare itatuwa, ba a baje tudu, kwanduna tara sun isa a buɗe fili.

Faifai Mai Kaifi

A 1983 Dave Dunipace ya ƙera faifai mai kaifin baki, wanda aka kafa kamfanin Innova a kansa. Wannan faifai yana keta iska ya yi nisan da Frisbee ba ya yi. Daga nan filayen gasa suka ƙara tsawo, faifai ya kasu gida uku: na nesa, na tsaka-tsaki, da na kusa da kwando. Ci gaban ya zo da haɗari, domin lambun jama'a ba na 'yan wasa kaɗai ba ne. Akwai yara da tsofaffi da masu tafiya a ƙasa. Shi ya sa ladabin wasan ya hana jifa sai hanya ta zama babu kowa, ya kuma ba wanda ya fi nisa da kwando damar fara jifa.

A nan ne darajar gajeren fili take. Galibi kwanduna tara ne, ana sa ran kammala kowanne da jifa uku. Ɗan koyo ba ya buƙatar faifan nesa, wanda idan bai samu ƙarfin hannu ba yakan karkace ya faɗi gefe. Faifai ɗaya mai dakusasshen baki ya ishe shi.

Kammalawa

Wasan ya tsallaka teku, ya yi ƙarfi musamman a Finland, ya kuma ƙara samun mabiya a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe ɗakunan motsa jiki. Filin Oak Grove yana nan, kodayake sunan lambun ya koma Hahamongna. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Muddin birane suna barin gajerun filaye kyauta a lambunansu, wasan zai ci gaba da zama na wanda ya mallaki faifai ɗaya.