Sule Biyar: Ɗakin Cin Abinci da Tarihin Zaman Ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello

Duk inda tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka haɗu, musamman waɗanda suka yi karatu kafin tsakiyar shekarun 1980, da wuya hira ta yi nisa ba a ambaci tikitin abinci ba. Za a tuna shayi da burodi da ƙwai da safe, a tuna kazar ranar Lahadi, a tuna masu share ɗakuna da masu wankin zannuwan gado. Matasan da ke sauraro kan ɗauki zancen a matsayin begen tsofaffi ga zamanin da ya wuce. Amma wanda ya bi tarihin jami'ar a tsanake zai ga cewa ɗakin cin abinci yana tsakiyar labarin: a kansa aka gina wani irin zaman tare, a kan kuɗinsa aka zubar da jini a 1978, kuma bayan rufe shi ne rayuwar Samaru ta ɗauki kamar da muka sani a yau.

Jami'ar ta buɗe ƙofofinta ranar 4 ga Oktoba, 1962, da tsangayoyi 4 da sassa 15 da ɗalibai 426. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa ta, bayan rahoton Kwamitin Ashby na 1960 ya ba da shawarar ƙara jami'o'i a ƙasar. Ba daga fili aka fara ba. An haɗe cibiyoyin da suka riga ta zuwa: reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, da wurin binciken dabbobi na Shika, da kwalejin Kano da daga baya ta zama Jami'ar Bayero. Shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne, ya zo daga Ibadan da tsarin da Ingila ta shuka a can, wato jami'ar da ɗalibi yake kwana a cikinta, ya ci a cikinta, ya yi wasa da muhawara a cikinta. Dakta Ishaya Audu, wanda ya karɓi ragama a 1966 ya riƙe har 1975, ya faɗaɗa wannan tsari bai rushe shi ba.

Akwai dalilin da ya sa tsarin ya dace da Arewa ta lokacin. Masu takardar da za ta kai su jami'a kaɗan ne ƙwarai a yankin, kuma mafi yawansu 'ya'yan manoma ne da makiyaya da ƙananan ma'aikatan En'e, waɗanda iyayensu ba su da halin kama musu ɗaki a gari. In ba a ba su makwanci da abinci ba, ba za su zo ba. Wannan ƙarancin ne kuma ya sa aka buɗe Makarantar Share Fage a farkon shekarun 1970, domin shirya waɗanda suka gama sakandare su shiga digiri. Gwamnatocin jihohi na biyan kuɗin tallafi, jami'a na ɗaukar wani kaso na kuɗin abinci, ɗalibi kuma yana miƙa tikiti a zuba masa.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne aikin da teburin cin abinci ya yi wa tunani. Sau uku a rana, ɗan Katsina mai karanta tarihi yana bin layi ɗaya da ɗan Idoma mai karanta injiniya da ɗan Ijebu mai karanta zane. Ɗakunan kwana irin su Suleiman da Danfodio da Akenzua da Alexander, da Amina na mata, kowane yana da shugabanninsa na ɗalibai da wasanninsa. Wanda ba ya fargabar abin da zai ci da dare yana da sararin zama a lacca ta jama'a har ƙarfe goma, ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo, ya rubuta wa jaridar bango, ya karanta littafin da ba ya cikin manhaja a Laburaren Kashim Ibrahim. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wannan yanayi ya haifi abubuwan da suka fitar da sunan Zariya. Tun kafin a kira wurin jami'a, a 1958, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka ƙi yarda a koya musu zane kamar a Landan suke, suka nemi haɗa dabarun Turai da zanen gargajiyar garuruwansu. A sashen tarihi, Abdullahi Smith ya juya akalar bincike zuwa rubuce-rubucen Larabci na malaman jihadi da bayanan baka na garuruwa, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Ɗalibansa, irin su Yusufu Bala Usman da Mahmud Modibbo Tukur, suka ci gaba da tuhumar hujjojin da Turawan mulki suka bari. A fannin wasan kwaikwayo, daga 1975 Michael Etherton da abokan aikinsa suka fitar da ɗalibai daga aji zuwa unguwannin Samaru da ƙauyukan Soba da Maska, ana shirya wasa tare da manoma a kan taki da ruwan sha da haraji, da Hausa. Dandalin wasan jami'ar ma da ƙasa aka gina shi, irin ginin magina na birni. Taron da aka yi kan halin mata a 1982 shi ya haifi ƙungiyar matan Najeriya ta WIN, a 1983 kuma Zariya ta karɓi baƙuncin babban taron cika shekara 100 da mutuwar Karl Marx. Ko mutum ya yarda da aƙidar waɗannan malamai ko bai yarda ba, jami'ar ta zama wurin da ake auna manufofin ƙasa a bainar jama'a.

Sai dai tsarin yana da tsada, kuma an ƙera shi ne don ɗaruruwa ko 'yan dubbai. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe jami'o'in jihohi, har da ta Zariya, ta kuma buɗe sababbi 7, jimilla ta kai 13. Kuɗin man fetur ya sa aka ga kamar komai mai yiwuwa ne, har aka soke kuɗin karatun digiri na farko a 1977. Da kuɗin shiga ya ja baya, sai aka waiwayi abinci da makwanci. A 1978 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, ƙarƙashin Dakta Jibril Aminu, ta sanar da ƙarin kuɗin ɗaki da ƙarin kobo 50 a kan abincin yini, daga naira 1 da kobo 50 zuwa naira 2. Sule biyar ke nan a lissafin kasuwa.

Ƙungiyar ɗaliban jami'o'i ta ƙasa, NUNS, wadda Segun Okeowo ke jagoranta, ta nemi a janye ƙarin. Da aka ƙi, ta kira ƙauracewa aji a watan Afrilu, aka ɗora laifin a kan Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ana kiran sai ya sauka. A Legas 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi, Akintunde Ojo. Labarin ya iso Zariya, ɗalibai suka fito, aka turo sojoji, aka kashe ɗalibai a Samaru. Gwamnatin Janar Obasanjo ta rufe jami'o'i, ta haramta NUNS, ta kori malaman da ta ce su ke zuga yara, kuma shugabannin jami'o'in Legas da Zariya, Farfesa Ade Ajayi da Farfesa Iya Abubakar, suka rasa kujerunsu. Ƙarin kuɗin bai janyu ba.

Me ya sa sule biyar ta kai ga haka? Kowane ɓangare yana da hujjar da ta fi kuɗin girma. Hukuma tana ganin ba adalci ba ne a ciyar da 'yan tsiraru da dukiyar ƙasa alhali an fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa tun 1976, kuma miliyoyin yara na zaune a ƙasa ba benci. Ɗalibai kuwa suna ganin ƙarin a matsayin matakin farko na janye hannun gwamnati, wanda ƙarshensa ɗan talaka ne zai koma gida, a ƙasar da shekara guda kafin nan ta kashe dukiya mai yawa a bikin FESTAC. Tarihi ya gaskata wani ɓangare na kowace hujja. Ciyar da kowa ba zai ɗore ba yadda adadi ke ninkuwa, kuma janyewar ba ta tsaya a sule biyar ba. Matakan tsuke bakin aljihu na 1982 suka biyo baya, a 1984 gwamnatin Janar Buhari ta cire tallafin abinci a jami'o'i, ɗakunan cin abinci suka koma hannun 'yan kwangila, sannan suka mutu. Risho da tukunya suka shiga ɗakunan kwana, rumfunan masu abinci suka kewaye harabar.

Rauni na biyu daga tunawa da na farko ya taso. A 1986 ɗalibai suka yi jerin gwanon juyayin waɗanda aka kashe a 1978, hukumar jami'a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabanninsu bisa zargin karya doka, ciki har da ratsawa ta ɗakin kwanan mata. Rikici ya tsananta, aka kira 'yan sandan kwantar da tarzoma, ranar 23 ga Mayu suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum 4 suka mutu, ɗalibai suka ce adadin ya fi haka. Zanga-zanga ta bazu zuwa sauran jami'o'i. Kwamitin binciken da Manjo Janar Emmanuel Abisoye ya shugabanta ya ɗora wani kaso na laifin a kan malaman da ya ce suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su koyarwa ba. Gwamnatin Janar Babangida ta dakatar da ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ta matsa wa ta malamai, kuma a 1988 aka kama Patrick Wilmot, malamin nazarin zaman jama'a ɗan asalin Jamaika, aka fitar da shi daga ƙasar. A daidai wannan lokaci shirin SAP ya karya darajar naira, albashin farfesa ya kasa kai shi ƙarshen wata, laburare ya daina samun mujallun waje, ƙwararru da dama suka kama hanyar Amurka da Ingila da ƙasashen Larabawa. Zuwa 1995 rigingimun cikin gida sun kai inda gwamnatin Janar Abacha ta naɗa soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya riƙe jami'ar a matsayin kantoma.

Idan aka jera waɗannan abubuwa, za a ga asara iri biyu da suka zo a jere. Ta farko ita ce ta lokaci: ɗalibin da ke girki a bakin gado, ko yake zaune a ɗakin haya a cikin Samaru yana neman abin hawa kafin duhu, ba ya da sa'o'in da magabatansa suka kashe a muhawara. Ta biyu ita ce ta wakilci. Ƙungiyar ɗalibai makaranta ce ta koyon zaɓe da kasafi da jayayya cikin ƙa'ida, kuma duk lokacin da aka dakatar da ita, koke bai gushe ba, hanyar isar da shi ce ta toshe. Ɗalibai suka fi karkata ga ƙungiyoyin jiha da na gari da na addini, inda kowa ke samun ɗan'uwa mai taimako, amma da wuya ya zauna da wanda ba nasa ba.

Bai kamata bege ya rufe mana ido ba. Zamanin tikiti ya amfani mutane kaɗan, mata a cikinsu ƙalilan ne, yayin da jami'ar yau ke ɗauke da dubun-dubatar ɗalibai, cikinsu har da 'ya'yan ƙauyukan da a 1962 ba su da ko firamare. Ba mai iya mayar da kazar Lahadi, kuma ba ita ce abin nema ba. Abin da tarihin ke nunawa shi ne cewa makwanci da abinci da dandalin taro suna cikin kayan karatu, daidai da allo da ɗakin gwaji. Muhawarar yau, tun daga yajin aikin malamai na wata 8 a 2022 har zuwa dokar ba ɗalibai rance ta 2024, ta fi tsayawa a kan albashi da kuɗin rajista. Da wuya a ji ana tambayar inda ɗalibi ke kwana, da wanda yake cin abinci tare da shi, da wanda ke magana da yawunsa a gaban hukuma. Tsofaffin ɗaliban da suka ci gajiyar wancan zamani, da yawansu yau ke riƙe da ma'aikatu da bankuna da majalisu, kuma idan ƙungiyoyinsu suka tashi yi wa jami'a alheri, sukan fara da ƙofa mai ado ko ginin da za a rubuta suna a jikinsa. Ɗakin kwana mai ruwa da wuta, da wurin cin abinci mai rahusa inda ɗan Gusau zai bi layi da ɗan Ogoja, sun fi kusa da abin da ya mayar da su abin da suka zama.