Rawani da Wutar Lantarki a Hulɗar Najeriya da Nijar

Da zarar an samu saɓani tsakanin Abuja da Yamai, sai a hau batun zumunci da tarihi ɗaya, kamar hakan ya isa ya kashe gardama. Tarihin kuwa ba na zaman lafiya ba ne zalla. Gaskiya ne a Maratta, cikin Nijar ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Amma Maraɗi mafakar sarakunan Katsina ce da jihadi ya kora, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautarta. Gobirawan Tsibiri sun daɗe suna kai wa ƙasar Sakkwato hari, Damagaram da ta taso ƙarƙashin Barno ta gwabza da Kano. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka tsakanin 1890 da 1906, a wurare da dama kan tsohon fagen daga suka ja layin.

Juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 ya gwada ƙarfin wannan gado. ECOWAS, a ƙarƙashin Shugaba Tinubu, ta yi barazanar tura soja. Najeriya ta rufe iyaka, ta katse wutar lantarkin da ke biya wa Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na buƙatarta. Tawagar farko da ƙungiyar ta aika, da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar a ciki, ta dawo ba ta ga jagoran juyin mulkin, Janar Tiani, ba. Bayan 'yan kwanaki Muhammadu Sanusi II ya gan shi tare da Sarkin Damagaram, malamai suka biyo baya da Shaikh Bala Lau a gaba. Duka tafiye-tafiyen da rawani aka yi su. Bambancin shi ne na farko ya zo da saƙon masu takunkumi, sauran kuwa a matsayin na gida suka yi sallama.

Ƙofa ta buɗe, amma hamɓararren Shugaba Bazoum bai koma kujerarsa ba. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, bayan kasuwannin Jibiya, Illela da Maigatari sun ji jiki, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Abin da ke riƙe da ƙasashen biyu a aikace shi ne ciniki da ruwan Kwara. An daɗe ana ɗaukar wutar da Najeriya ke sayar wa Nijar a matsayin ladan barin kogin ya gangaro Kainji ba tare da an datse shi ba. Yanke wutar ya raunana wannan fahimta, ga shi kuma Nijar na gina madatsar Kandadji a yankin Tillaberi.