Ayarin Teku da Yaƙin Hitila a Gaɓar Gwalkwas

Jama'ar Zango sun san ayari tun zamanin fataken goro: tafiya a dunƙule, madugu a gaba, masu tsaro a gefe. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, Ingila ta bi irin wannan dabara a teku, tana haɗa jiragen 'yan kasuwa ayari guda, jiragen yaƙi na musu rakiya saboda jiragen Jamus masu nutso a ƙarƙashin ruwa.

Gaɓarmu na cikin wannan tashin hankali. Daga Satumba 1940 aka riƙa kawo jiragen sama a akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Hartum har Masar. Gwalkwas ba ta haƙo mai a lokacin, don haka fetur ɗin da suka sha da kananzir ɗin fitilun gidaje duk tankokin ruwa ke kawowa. Jamusawa sun gane haka. A watan Mayu 1941 jirginsu U-69 ya binne nakiyoyi a mashigin Takoradi da Legas, ya kuma harbi jirgin Sangara a gaban Ankara.

Tanka ita ce abin farautar da suka fi so, domin tana da nauyin tafiya, kuma idan ta kama wuta, man kan malala bisa ruwa yana ci, matuƙan da suka yi tsalle su faɗa cikinsa. A Janairu 1943 aka nutsar da tankoki 7 daga cikin 9 na ayarin TM 1, wanda ya taso daga Tirinidad zuwa Jibiralta. A daren 30 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu na shekarar, U-515 na Werner Henke ya nutsar da jiragen kaya 7 daga ayarin TS 37, wanda ya bar Takoradi zuwa Firitawun.

Ta wannan teku aka ɗebi sojojin Rundunar Gwalkwas, wadda Kumasi ce cibiyarta kuma Hausa ce harshen barikinta, zuwa Indiya da Bama a 1943 da 1944. Wanda yake da kaka tsohon soja, ya nemi takardunsa da lambobinsa tun ba su salwanta ba. Allah Ya jiƙan waɗanda teku ta zama kabarinsu.