Gandun Mamre: Rabaran Samuel Marsden da Fursunoninsa

A darussan tarihin mishan mun saba jin sunan Rabaran Samuel Marsden saboda wa'azin da ya yi a New Zealand ranar Kirsimeti ta 1814, ƙarƙashin CMS, ƙungiyar da daga baya ta aiko Likita Miller Zariya. Amma ba a can ya zauna ba. Gidansa yana Parramatta, kusa da Sidni a Ostiraliya. Ya iso ƙasar a 1794 tare da matarsa Elizabeth, domin hidima a cikin fursunonin da Ingila take turawa can.

Gwamnati ta ba shi fili, ya sayi wasu ya ƙara, har a 1827 yana da eka fiye da 5,000. Ɗaya daga cikin gandayensa ya sa masa suna Mamre, wato wurin da Ibrahim ya zauna a Farawa 13. Sai dai Ibrahim baƙo ne a can, ko kabarin Saratu saye ya yi daga masu ƙasa. Gandun Marsden kuwa ƙasar mutanen Darug ce, kuma ba wanda ya nemi yardarsu. Ya iya kiwon tumaki ƙwarai, har Sarki George III ya ba shi kyautar tumakin merino. A Mamre aka gina gidan da ɗansa Charles ya zauna. Iyalin ma sun sha wuya: 'ya'ya maza biyu sun mutu a haɗari suna ƙanana, Elizabeth kuma ta sami shanyewar ɓarin jiki a 1811.

To, su wa suka sare itatuwa, suka yi kiwon? Fursunoni ne. Gwamnati takan raba su ga masu gandu, maigida ya ciyar da su, ya tufatar, su kuma su yi masa aiki. Doka ba ta yarda ya yi musu bulala da kansa ba, sai ya kai ƙara gaban alƙali. Alƙalan kuwa galibi masu gandu ne irinsa, Marsden ma an naɗa shi alƙali.

Nan ne ya kamata mu dakata, mu masu shirin kiwon ikkilisiya. Mutum ɗaya ne maigida a gona, alƙali a kotu, mai wa'azi ranar Lahadi. Fursunan da ke zaune gabansa a sujada, wane daga cikin ukun yake gani? A 1800, ana binciken jita-jitar tawayen 'yan Ayalan, aka yi wa wani saurayi, Paddy Galvin, bulala 300 don ya faɗi inda aka ɓoye masu. Marsden yana cikin alƙalan da suka bi maganar. Saurayin bai faɗa ba.

Kada mu ce ai zamanin ne haka, domin mutanen zamanin ma sun ga tsananinsa. Gwamna Macquarie ya sauke shi daga alƙalanci a 1818, kuma har bayan rasuwarsa a 1838 laƙabin da ya bi shi a Sidni shi ne "Faston Bulala".