Daga Idon Kyanwa Zuwa Karatun Rubutun Hannu

Na'urar da ke karanta rubutun hannu a yau, asalinta daga ƙwaƙwalwar kyanwa yake. A 1959, David Hubel da Torsten Wiesel na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka wallafa abin da suka gano bayan sun soka siririyar waya a sashen gani na ƙwaƙwalwar kyanwa suna sauraren motsin ƙwayoyinta. Sun daɗe suna haska mata ɗigo, ƙwayar ta yi gum. Sai da inuwar gefen gilashin da suke zurawa a majigi ta gilma, sannan ta kama tsatsatsa. Ashe layi take jira, kuma layin da ya karkata ta wata fuska takamaimai. Wata ƙwayar miƙaƙƙen layi take jira, wata kwantacce. Wannan aiki ya kai su ga lambar Nobel a 1981.

To, harafi ma ai layuka ne da lanƙwasa. Kunihiko Fukushima, mai bincike a gidan rediyo da talabijin na NHK a Japan, ya ga haka, ya kwaikwayi tsarin a kwamfuta. A 1980 ya fito da Neocognitron: hawa na farko ya tsinto ƙananan layuka, na sama ya harhaɗa su har siffa ta fito.

Gidan waya ne ya fitar da abin daga ɗakin bincike. A 1989 Yann LeCun, Bafaranshe mai aiki a Bell Labs, shi da abokan aikinsa suka samu alƙaluma sama da 9,000 da jama'a suka rubuta a kan ambulan ɗin da suka bi ta gidan wayar Buffalo. Ba su tsaya rubuta wa manhaja dokoki ɗaya bayan ɗaya ba, wai bakwai ga kamanninta, tara ga nata. Sun yi ta nuna mata misali. In ta yi kuskure, lissafi ya koma baya ya gyara ƙarfin mahaɗanta, a sake. Kafin ƙarshen shekarun 1990 jikokin wannan manhaja na karanta cak a bankunan Amurka. A kan hanya aka tara rumbun MNIST, hotuna 70,000 na alƙaluman da ma'aikatan hukumar ƙidaya da 'yan sakandare suka rubuta, wanda har yau da shi ɗaliban ƙirƙirarriyar basira ke fara koyon hannu.

Alƙalami ɗaya tilo da sauƙi. Wahalar tana ga rubutun da haruffa ke riƙe da juna, ba a san inda wannan ya ƙare wancan ya soma ba. Sepp Hochreiter da Jürgen Schmidhuber suka kawo tsarin LSTM a 1997, mai tuna abin da ya gabata a layi, Alex Graves ya ɗora a kai, a 2009 manhajarsa ta lashe gasar karanta rubutun hannu, har da na Larabci. Daga baya manhajar Transkribus ta fito daga Jami'ar Innsbruck a Austiriya, ma'adanan tarihi na Turai suka rungume ta.

Sai dai duk wayonta, hannun da aka nuna mata kaɗai take ganewa. Kafin ta karanta littafin da ba ta san hannunsa ba, sai mutum ya zauna ya kwafe shafuka masu yawa layi-layi ya ba ta. Wadda ta koyi Larabcin gabas, in ta tarar da ajamin Hausa, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama, ga imala, ga tawadar da ta dushe, sai ta rikice. Rubuce-rubucen na nan a Gidan Arewa da ke Kaduna da cikin gafakar malamai, kuma Jami'ar Boston ta ɗauki hoton wasu da dama. Masu manhaja su nemi alarammomi da malaman zaure da suka iya karanta wannan hannu, a biya su, a zauna a kwafe tun suna raye.