Salon maganar Turanci a labaran siyasa: ma'ana da asali

Mai sauraren labaran duniya da Turanci yakan ci karo da maganganun da ya san kowace kalma a cikinsu, amma manufarsu ta shige masa duhu.

Dalili kuwa shi ne, salon magana ba ya fassaruwa kalma da kalma. Baturen da ya ji an ce wane yana da farin jini zai iya zaton wata cuta ake nufi, alhali ƙaunar jama'a ake magana a kai.

Kuskure a nan yana iya juya labari baki ɗaya, ko ya jawo wa ɗalibi asarar maki a jarrabawar WAEC ko JAMB.

Gurguwar agwagwa

Ana kiran shugaban da wa'adinsa ke dab da ƙarewa, musamman bayan an zaɓi magajinsa, da "lame duck", wato gurguwar agwagwa. Mulki na hannunsa, amma kwarjininsa ya ragu, kusan abin da Bahaushe ke kira kyanwar Lami.

Maganar ta samo asali ne daga kasuwar hannun jari ta London a ƙarni na 18, inda ake laƙaba ta ga dillalin da ya kasa biyan bashi.

A Amurka, gyara na 20 da aka yi wa tsarin mulki a 1933 ya dawo da ranar rantsar da shugaban ƙasa daga 4 ga Maris zuwa 20 ga Janairu, domin taƙaita wannan lokaci.

Farar giwa

"White elephant" na nufin kadara ko aikin da ke cin maƙudan kuɗi ba tare da amfanin a zo a gani ba.

A ƙasar Siam, wadda ta koma Thailand a 1939, farar giwa dabba ce mai alfarma da ba a sa ta aiki. Ana ba da labarin cewa sarki yakan yi kyautarta ga bafaden da yake son talautawa: ba ya iya rabuwa da ita, ga ɗawainiyar ciyarwa. Ta zame masa ƙadangaren bakin tulu ke nan.

Jaridun Najeriya sun sha amfani da wannan magana a kan kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka fara ginawa tun 1979.

Jan zare

"Red tape" shi ne yawan ƙa'idoji da jan ƙafa a ofisoshin gwamnati, irin na je ka ka dawo.

Sunan ya fito ne daga jan ƙyallen da aka saba ɗaure takardun shari'a da na hukuma da shi a Ingila.

Tsallake Rubicon

Rubicon ƙaramin kogi ne a arewacin Italiya. A shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, Julius Caesar ya tsallake shi da dakarunsa, alhali dokar Rum ta hana janar shiga Italiya da runduna. Matakin ya haifar da yaƙin basasa.

Don haka idan aka ce ɗan siyasa ya tsallake Rubicon, ana nufin ya ɗauki matakin da babu ja da baya. Bakin alƙalami ya bushe.

Labulen ƙarfe

"Iron curtain" ta shahara ne bayan jawabin Winston Churchill a garin Fulton na jihar Missouri, ranar 5 ga Maris, 1946. Yana nufin iyakar da ta raba ƙasashen gabashin Turai da ke ƙarƙashin tasirin Tarayyar Sobiyat da na yamma. Rarrabuwar ta kau bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989.

Hanyar ganewa

Duk inda ma'anar zahiri ta ƙi dacewa da zancen da ake yi, kamar a ambaci giwa a labarin kasafin kuɗi, to alama ce ta salon magana. Sai a nemi jimlar gaba ɗaya a ƙamus, ba kalmominta ɗaya bayan ɗaya ba.

Wajen fassara kuma, abin da ya fi shi ne a kawo manufar, ko a nemo takwararta a Hausa in akwai.